A Bar Tsoho Ya Ɗauki Butarsa: Martani ga Mai Cewa Hutu Kaɗai Ya Kamaci Dattawa

Na karanta rubutun da wani malami ya yi kwanan baya a kan tai chi, motsa jikin nan na mutanen Sin da ake yi a hankali, da kuma labarin da ke yawo cewa yana kare ƙwaƙwalwar tsofaffi. Malam ya sha dariya, kuma ya iya dariya a rubuce. Ya ce wannan wasa ne na waɗanda suka ci suka ƙoshi, masu fansho da ba abin da ke gabansu sai kaɗa hannu a filin shaƙatawa. Ya ce tsohon ƙasar Hausa ya shekara 50 yana duƙe a gona, ba ya bukatar wani ya koya masa motsi, abin da yake bin mu bashi shi ne tabarma a inuwa da fura mai sanyi. Sannan ya rufe da cewa gigin tsufa ƙaddara ce, wanda aka rubuta wa zai same shi ko da ya kwana tsaye da ƙafa ɗaya.

Akwai inda nake tare da shi. Masu tallar lafiya a waya sun cika ƙarin gishiri, kullum da sabon abin da zai maida ɗan 80 ɗan 30. Amma shawarar da Malam ya ɗora a kan dariyarsa, cewa a zaunar da dattijo, ita nake jin tsoro a gidajenmu na Matameye fiye da duk ƙaryar ƴan talla. Ta zo da kamannin ladabi, kuma ba ɗan kirkin da zai ji an ce "ka hutar da mahaifinka" ya yi musu.

Shi dai tai chi asalinsa dabarar faɗa ce. Ana danganta shi da ƙauyen zuriyar Chen a lardin Henan tun ƙarni na 17, a 1956 hukumar wasanni ta Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24 don talaka ya iya koya, a 2020 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ta gada. Abin da ya shafe mu shi ne abin da jiki ke yi a cikinsa. Mutum ya ɗan lanƙwasa gwiwa, ya ɗora nauyinsa a ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar a hankali ya ajiye dunduniya, ya maida nauyin can, ƙugu yana juyawa, hannaye suna bi, numfashi yana tafiya daidai da su. Ba tsalle, ba haki. Amma dole ya tuna abin da ke biye, dole ya san inda ƙafarsa take ba tare da ya duba ba, kuma galibi cikin jama'a ake yi. Wanda ya kalla daga nesa zai ce ba a yin komai. Ya gwada tsayuwa da ƙafa ɗaya yana ƙirga 20, zai ji cinyarsa ta ba shi amsa.

Malam bai kawo bincike ko ɗaya ba, to bari in kawo, har da waɗanda ke goyon bayansa.

Hujja mafi ƙarfi a kan faɗuwa take. A 1996 Steven Wolf da abokan aikinsa na Jami'ar Emory a Atlanta suka ba da rahoton gwajin mutum 200 masu shekara 70 zuwa sama: waɗanda suka yi mako 15 suna tai chi, haɗarin faɗuwarsu akai-akai ya ragu da kusan rabi. A 2018 Fuzhong Li na Oregon ya yi gwaji da mutum 670, sau 2 a mako har wata 6, faɗuwa ta ragu da kashi 58 cikin 100 in aka kwatanta da masu miƙe gaɓɓai kawai. Za a ce mene ne haɗin faɗuwa da ƙwaƙwalwa? Duk wanda ya taɓa jinyar tsohuwar da ta zame a makewayi ta karya ƙugu ya san haɗin. A kira mai ɗori, a kwantar da ita wata da watanni, ƙashi ya kama ko bai kama ba, amma matar da za ta tashi daga shimfiɗar nan sau da yawa ba ita ce ta kwanta ba. Ta daina zuwa suna da biki, ta daina sanin ranar kasuwa, tsoron sake faɗuwa ya ɗaure ta a ɗaki.

A kan ƙwaƙwalwa kai tsaye, gwajin da na fi so Malam ya duba shi ne na birnin Shanghai, wanda James Mortimer na Jami'ar Kudancin Florida da likitocin Jami'ar Fudan suka wallafa a 2012. Tsofaffi 120 aka raba gida 4 har mako 40: masu tai chi, masu tafiya da ƙafa, masu haɗuwa su yi hira kawai, da waɗanda aka bari yadda suke. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, ta masu tai chi ta ɗan ƙaru, ta waɗanda aka bari ta ɗan ragu kamar yadda aka saba gani a tsufa. Masu tafiya ba su nuna wani bambanci a fili ba. Amma masu hira, waɗanda ba su ɗaga ko ƙafa ba, su ma tasu ta ƙaru. Gwajin ƙarami ne, ba za a gina fatawa a kansa ba, sai dai yana nuni da cewa sirrin bai tsaya ga tsoka ba. Maida hankali da cuɗanya da mutane suna cikin maganin.

Tafiyar ma ba a yar da ita ba. A 2011 Kirk Erickson na Jami'ar Pittsburgh ya sa tsofaffi tafiya da ɗan sauri, minti 40 sau 3 a mako har shekara guda. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke ajiye sabon abin da mutum ya gani ko ya ji, wanda likitoci ke kira hipokamfus, ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, na waɗanda ba su yi tafiyar ba ya ragu da kusan 1.4. A 2023 Li ya sake wani gwajin da mutum 318 da mantuwa ta fara taɓawa. Wasu ya sa su miƙe gaɓɓai kawai, wasu tai chi zalla, wasu kuma ana yi ana ba su aikin kai, kamar jero haruffan kalma daga baya. A jarrabawar tunani mai maki 30, masu haɗa motsi da aikin kai sun fi masu miƙe gaɓɓai da maki 2.8, sun fi masu tai chi zalla da 1.5.

Ga kuma rabon Malam. A 2015 wani babban gwaji a Amurka, na mutum 1,635 masu shekara 70 zuwa 89, ya nuna shekara 2 ta motsa jiki ba ta fi zaman sauraren darasin lafiya amfani ga tunani ba. (Masu sauraren darasin su ma fita suke yi su haɗu da mutane, wannan kuma abin lura ne.) A 2018 a Ingila aka gwada mutum 494 da gigin tsufa ya riga ya kama: jikinsu ya yi ƙarfi, tunaninsu bai gyaru ba. Saboda haka wanda ya ce maka tai chi yana warkar da gigin tsufa ƙarya yake yi. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne motsi yana rage haɗari, yana jinkirta lalacewa, yana hana faɗuwa, kuma amfaninsa yana ga wanda ya fara tun da sauran ƙarfi. Tsakanin "ba ya warkarwa" da "ba shi da amfani" akwai tafiya mai nisa, Malam kuwa taku ɗaya ya yi ya tsallake ta.

Yanzu mu dawo gida, mu dubi hutun da ake yi wa talla.

Dattijo ne mai garka a bakin korama, yana da ɗan rake da albasa da tumatir. Shekarunsa sun haura 70, amma kullum bayan asuba zai ɗauki sanda ya taka, ya duba ban ruwa, ya yi gardama da maƙwabcin garka a kan iyaka, ya lissafa kuɗin dami, ya dawo kafin rana ta yi zafi. Sai ɗansa ya dawo daga ci-rani da ɗan abin hannu. Ya sayi kujerar roba ya ajiye a zaure. "Baba, don Allah ka bar zuwa garkar nan. Mutane za su ce ba ka haifa ba." Dattijo ya miƙa hannu zai ɗauki buta, jika ya riga shi. Zai tashi, mutum biyu sun tallafe shi tun kafin ya nema. Ranar Juma'a a kira ɗan kabu-kabu ya kai shi masallacin da ya saba zuwa da ƙafa. Duk cikin ƙauna ake yi, ba mai mugun nufi ko ɗaya. Amma a lissafa abin da aka ƙwace masa: tafiyar safe, tsugunno da tashi, lissafin kuɗi, gardama, da sanin cewa akwai abin da zai lalace in bai je ba. Wannan na ƙarshe ya fi sauran ciwo.

Na tsohuwa ya fi muni, don ita duniyarta dama tsakar gida ce. Ta ɗauki faifai za ta yi bakace, suruka ta karɓe: "Haba Inna, da mu a gidan nan?" Surukar ma tana da uzuri, gudun bakin dangin miji take yi. An hana ta tsintsiya, an hana ta tsinkar zogale, an hana ta kai wa ƙanwarta ziyara a unguwar gaba wai kada ta faɗi. Daga tsakar gida ta koma bakin ƙofa, daga bakin ƙofa ta koma kan gado. In ta fara maimaita tambaya, jikoki su mai da ita abin tsokana, manya su ce Inna ta fara gigi. In ta yi rashin sa'a ta fara fita da dare tana kiran sunayen matattu, akwai garuruwan da za a fara raɗe-raɗin maita.

Jiki ba ya yafe zama. A 2007 likitoci a jihar Arkansas ta Amurka suka kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya a gado kwana 10 kacal, aka auna, a matsakaici sun yi asarar kusan kilo guda na tsokar ƙafa. Yaro yana maida irin wannan asara cikin sauƙi, tsoho kuwa da ƙyar. Ƙwaƙwalwa kuma kamar rijiya take, wadda aka daina jan ruwanta ita ke fara lalacewa. Ba a banza Hausawa suka ce motsi ya fi laɓewa ba.

Malam ya nuna kamar gigin tsufa cutar Turawa ce. Akwai ɗan abin da zai riƙe a nan. Binciken da Hugh Hendrie da Benjamin Osuntokun da Adesola Ogunniyi suka fara a 1992 ya kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fatar Indianapolis a Amurka. A rahotonsu na 2001, cutar tana kama kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan a shekara, na Indianapolis kuwa 3.24. A Zariya ma wani bincike na 2011 a kan tsofaffi 322 ya samu kusan 3 cikin 100. Adadin ba shi da yawa. Amma a tambayi dalili. Cikin abubuwan da masu binciken Ibadan suka yi zato har da ƙarancin cututtukan jijiyar jini, hawan jini da sukari da kitse, a tsakanin mutanen da ke tafiya da ƙafa suna cin abinci marar maiƙo. Wato garkuwar da muke da ita, in muna da ita, ita ce irin rayuwar da Malam yake so a raba tsoho da ita. Kuma garkuwar tana zaizayewa. Babur ya shiga kowane lungu, gishiri da dunƙulen ɗanɗano sun cika tukunya, shayi sai da sukari rabin kofi. Wa bai san gidan da tansiyo, wato hawan jini, ya shanye wa wani ɓarin jiki ba, tsakanin nan da Kance da Dungu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan cuta sun haura miliyan 55, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi. A Nijar masu shekara 65 zuwa sama ba su kai 3 cikin 100 ba, shi ya sa ba a jin ƙarar abin, amma gidan da ya faɗa wa ba ruwansa da wannan lissafi.

Sai maganar wahala, wadda ita ce mafi nauyi a rubutun Malam. Gaskiya ne akwai tsohon da ba hutu aka ɗora masa ba, yunwa ce ke fitar da shi noma da tsakar rana. Akwai tsohuwar da ƴaƴanta suka tafi Aljeriya ko Libiya suka bar mata jikoki, ita ce daka, ita ce itace, ita ce rijiya. Wanda ya je ya ce wa wannan ta ƙara motsa jiki ya yi rashin kunya. Ita abinci take bukata da mai kama mata. Sai dai Malam ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Aikin da ke cin jiki, ana duƙe wuni guda cikin zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, da ciki wayam, daban yake da motsi mai sauƙi da ake yi kullum da sanyin safiya. A sauke wa tsoho na farkon, wannan haƙƙinsa ne a kanmu. Kuskuren shi ne in mun tashi saukewa sai mu haɗa da na biyun mu kwashe duka.

A wani wuri Malam ya ce in ma motsi ake so, ruku'u da sujada sun wadatar. Ba na son a ɗora salla a ma'aunin wasanni, ibada ce, ba don gwiwa aka farlanta ta ba. Amma tunda ya kawo, sai in ce ya taimake ni: dattijon da ke takawa masallaci sau 5, ya tsaya a sahu, ya fito ya zauna a dakali a yi gaisuwa da labarin gari, ya samu tafiya da tsayuwa da jama'a a lokaci guda. Shi ne kuma ake cewa ya yi salla a gida don ya huta. Batun ƙaddara ba mai musu a kai. Alƙur'ani ya ambaci wannan mataki na shekaru a Suratun Nahli da Suratul Hajji, kuma an rawaito Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yana neman tsari daga gare shi. Abin da ake neman tsari daga gare shi kuwa ba a hana ɗaukar sababin kauce masa ba. Zazzaɓin cizon sauro ma ƙaddara ne, ban ji Malam ya ce a kwance gidan sauro ba. Kwamitin masana na mujallar Lancet, ƙarƙashin Gill Livingston, ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ya ce in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Cikinsu akwai rashin motsi, kaɗaici, hawan jini, sukari, taba, raunin ji, raunin gani da buguwar kai. Sauran kashi 55 ba a hannunmu suke ba, sai addu'a.

Ba ina kira a ɗauko malamin tai chi daga Sin a kawo Matameye ba, ko a jera dattawa a filin ƙwallo suna kaɗa hannu yara na dariya. Wanda ya samu mai koyarwa yana so, ya yi, irin wanda ake yi a gwaje-gwajen likita motsi ne zalla ba bauta a ciki. Amma abubuwan da ke sa shi aiki duk ana iya samunsu a tsakar gida. Tsoho ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya sauya. Ya tashi daga kujera ya zauna sau 10 ba tare da dafa gwiwa ba, in zai iya. Ya taka a hankali, dunduniya tana taɓa yatsun ɗayar ƙafar, daga ɗaki zuwa zaure, jika na gefensa ba tare da ya riƙe shi ba. Yana yi yana jero sunayen jikoki daga ƙarami zuwa babba, ko yana rage dala bakwai-bakwai daga jaka, ko yana tilawar abin da ya haddace. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ita ce aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, da atisayen ƙarfi da daidaita tsayuwa kwana 3. Minti 150 ɗin nan bai wuce zuwa garka da dawowa ba ga mutane da yawa. A bar wa Inna faifanta da mazarinta da ziyararta, a bar wa Baba tufkar igiya da dara a gindin gawo. In ido ya yi yana a nemi aiki, in kunne ya yi nauyi a duba, don wanda ba ya ji ba ya gani zai janye daga mutane ko ba a kore shi ba. Ma'aikatan lafiya da ke bin gidaje don rigakafin yara, da gidajen rediyon karkara, za su iya isar da wannan da Hausa cikin minti 5.

Kuma a auna jini. Wannan ya fi duk abin da na lissafa sauƙi, ya kuma fi su hujja: a wani gwaji na Amurka da aka wallafa a 2019, sauke hawan jini sosai ya rage farkon raunin tunani da kusan kashi 19 cikin 100. Mai ciwon ƙirji, ko jiri, ko haki daga ɗan taku kaɗan, shi ma likita zai fara gani kafin wani atisaye.

Inda maganar Malam ta fi haɗari shi ne ranar da tsoho ya rikice farat ɗaya. Gigin tsufa na ainihi a hankali yake zuwa, wata da watanni, shekara da shekaru. Wanda jiya lafiya lau ya san kowa, yau ya tashi bai gane ɗansa ba, ko maganarsa ta harɗe, ko bakinsa ya karkace, wani abu ne daban ya same shi: zazzaɓi, ciwon mafitsara, ƙishirwa a lokacin bazara, sukarin da ya hau ko ya faɗi, ko jijiyar da ta toshe a kai. Da yawa daga cikin waɗannan suna jin magani in an yi sauri. Gidan da aka koya wa cewa rikicewar tsoho ƙaddara ce kawai za su gyara masa shimfiɗa su ce a bar shi ya huta, alhali asibitin gunduma yana nan cikin gari, babban asibitin Damagaram kuma bai kai kilomita 100 ba.